Fitilar da Aka Ɗinka wa Hula

Habu da Sani, tunda iyayenku suka kawo ku shagon nan koyon aiki ba abin da kuka iya sai dariyar tastata ta gwajin wuta, wai don me aka naɗe hannunta da leda kamar rimot ɗin amarya. Na rubuto muku amsar ne, domin in na fara da baki ba kwa bari in kai aya. Ni ɗin nan da kuke gani na tsufa a wannan sana'a. Shekarata sha bakwai, amma in za a haɗa da hawa tsani da shan shokin, na isa aurar da jika. Kun ɗauka aikin fitilar kashe ƙwayoyin cuta shi ne a hau tsani, a ɗaure sukuru, a sauko a sha lemo. Ni ma haka na ɗauka.

Kawu Modu, mai shagon nan na unguwar Dogo Nini a Potiskum, ƙanin mahaifiyata ne, kuma asalin aikinsa wayarin da haɗa sola. An kawo ni wurinsa ne bayan na kwance fankar cajin Innarmu a tsakiyar zafin azumi don in ga abin da ke juya ta. Na gani. Mayarwar ce ta gagara. Shekarar farko ba a bar ni na taɓa ko filaya ba, tsani kawai nake riƙewa. Na riƙe tsanin nan har ya gane muryata. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa miƙa sukudireba, sannan fere waya, sannan aka ba ni tasta tawa ta kaina, wadda na kwana da ita a aljihu har ta huda mini riga.

Wata rana Kawu ya tafi Kano koyon wani sabon aiki wurin wani mai sayar da kayan asibiti. Da ya dawo, ya sauke kwali a kan teburin nan yana lallaɓa shi kamar jinjiri. A ciki akwai wasu akwatuna farare, kowanne bai fi ƙaramin rediyo ba, da 'yar taga a fuska. Ya jona ɗaya ya kunna. Na jira. Na ƙara jira. Sai da na tsaya gefe na ƙanƙance ido na hango wani ɗan haske mai ruwan shunayya, kamar garwashin da ya gaji da rayuwa.

"Kawu, an cuce ka. Ta mutu tun a mota."

"Kai ne dai ka mutu tun a mota. Wannan aikinta ba a ido yake ba."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce akwai hasken da idon mutum ba ya kamawa. In mai mura ya yi tari a ɗaki, ƙwayoyin cutar suna yawo a iska, wannan hasken kuma yana lalata su kafin su sami wani hancin. Na ce to mu da ke zaune a ƙasanta fa, ba za ta gasa mu ba? Ya ce irin wannan hasken rago ne. Ko matacciyar fatar da ke saman jikin mutum ba ya iya ratsawa, ko ɗan ruwan hawayen da ke kwance a kan ido. "Amma ita ƙwayar cuta," in ji shi, "ba ta da riga." Duk da haka akwai doka. A kafa ta can sama, a auna tsawon ɗaki tukuna, kar a sa ido dab da tagarta, a kashe ta kafin a hau gyara. Kuma duk wanda ya ce ta maye gurbin riga-kafi ko buɗe taga, ƙarya yake yi.

Tunda ba a ganin aikin, shaidarmu ita ce kati. Wani ɗan kati ne mai ruwan ɗorawa da ake mannawa a bango. Yana shan hasken yana sauya launi, har ya koma ja-ja. In ka kai shi kusa da fitilar, nan da nan ya sauya. In yana can bango daidai kan mutum, sai an yi kwanaki. Katin nan ya hana ni sakat. Da Kawu ya tafi masallaci sai in ɗauko in fara bincike. Na sa shi cikin aljihuna, bai sauya ba. Na kife masa kofin gilashi, bai sauya ba, alhali ina ganinsa tar ta cikin kofin. Na rufe rabinsa da ɓawon albasa, sai ya fito rabi ja rabi ɗorawa kamar rigar 'yan ƙwallo. Ranar da Kawu ya duba ya ga katunan sun yi ƙasa, na sha ranƙwashin da har yanzu in hadari ya haɗo wurin yana yi mini ƙaiƙayi.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙurin zama da su. Mutumin Potiskum in zai sayi fitila, haska ta yake yi a idon abokinsa. In abokin ya zage shi, to fitila ta yi kyau. Wani dillalin shanu ya shigo ya ce a kunna masa ya gani. Na ce Alhaji ai a kunne take.

"Tana kashe sauro?"

"A'a," in ji Kawu.

"Kyankyaso fa?"

"A'a."

"To me take kashewa?"

"Abin da ba ka gani."

Alhaji ya gyara hularsa. "Fitilar da ba a ganin haskenta, tana kashe abin da ba a gani. Modu, gobe kuma iska za ka fara ƙulla mana a leda?"

Da ƙyar muka kafa ɗaya a wani kemis, ɗaya a ofishin wani mai manyan motoci da ke son duk abin da maƙwabcinsa ba shi da shi.

Sai muguwar shekarar ta zo, wadda tari da ciwon maƙogwaro suka yi ta kwantar da yara. Hankalin mutane ya tashi, aka fara tuna cewa Modu yana da wata fitila. Mun ɗauka kasuwa ta buɗe. To akwai wani mai aski a unguwar Bolewa, Sale, wanda ke da akwatin nan mai shuɗin haske da ake sa kilifa a ciki don kashe cuta. Ya ji labarin fitilarmu, ya ce ai shi ma yana da ita, tasa ma ta fi haske. Ya zare kwan daga cikin akwatin ya rataye a tsakiyar shagonsa, inda samari ke taruwa kallon ƙwallo da yamma. Shago ya yi shuɗi shar, kowa na cewa yauwa, wannan ce ta gaske. Wanshekare duk wanda ya zauna a wurin ya tashi da ido kamar an zuba masa yashi da barkono, wasu har goshinsu ya saɓule. Ku riƙe wannan da kyau: kwan akwatin aski wani iri ne daban, na rufaffen wuri ne inda ba mutum. Tamu tana da lamba biyu sau uku a jere a jikinta, wato 222, da matacin haske a tagarta. In ba ku ga wannan ba, ko kyauta aka ba ku kar ku rataye ta a kan mutane.

Samarin sun warke bayan 'yan kwanaki. Sunan Kawu ne bai warke ba. Ba wanda ya ce fitilar Sale, kowa cewa yake fitilar Modu ta makanta mutane. Kawu ya bi majalisa-majalisa yana bayanin lamba, ana ba shi shayi ana kawar da kai. Yara suka sa masa suna Modu Makanta-Gari, suna rerawa in mun wuce a babur. Mai kemis ya kashe tasa, ya ce a zo a kwance. Har wayarin aka daina kiranmu, kamar soket ɗinmu ma zai tsone ido. Kawu ya fara zancen wai gonar kakanmu da ke Mamudo tana bukatar hannu, yana faɗa yana kallona.

Ana cikin haka Hajiya Falmata ta aiko. Tsohuwar nas ce da ta yi ritaya ta buɗe ɗan wurin awon ciki da karɓar haihuwa a bayan gidanta. Ɗakin jiranta kullum cike yake da masu ciki da masu jego, benci ya haɗu da benci, wannan ta yi tari wannan ta amsa. Ta ce ta san bambancin fitilun biyu tun tana aiki, a kafa mata guda biyu.

"Amma ka ji, Modu. In katin nan naka ya sauya, ni zan wanke ka a garin nan, don bakin matan da ke zama a bencina ya fi gidan rediyo nisa. In bai sauya ba, ni zan fara kiranka da sunan da yara ke kiranka."

Wurin Hajiya yana da ƙa'ida. Namiji ba ya faɗawa kai tsaye. Za ka tsaya a bakin ƙofa ka yi sallama, sai Iya Kaltume mai shara ta leƙo, wata 'yar tsohuwa mai ƙamshin turare kamar an haife ta a cikin kasko, ta ce, "Ku dakata, mata su kimtsa." Sai ku koma gindin dogon-yaro ku tsaya har a yi muku izini. Haka muka yi. Muka auna ɗaki, muka kafa fitilu a kusurwa biyu suna kallon benci, muka ja musu waya daga batirin sola don kar ɗauke wuta ya shafe su. Kawu ya kai kati kusa, ya yi ja. Ya manna sabo a bango, muka tafi.

Bayan mako muka dawo, muka yi sallama, muka dakata, muka shiga. Kati yana nan ɗorawa shar kamar ranar da aka haife shi. Kawu ya hau ya gwada wani a kusa, ya yi ja nan take. Fitilu kuwa sai sheƙi suke, ko ɗigon datti babu. Ya ce wataƙila katin bangon ne ya lalace, ya sauya. Wani makon, haka. Ya duba batir, lafiya. Ya duba inbata, lafiya. Fitilar tana da ɗan agogo a ciki mai nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne, shi ma ya ce ba a kashe ta ba. Ya buga wa mutumin Kano waya, shi ma ya ce bai taɓa jin irin wannan ba. Fitila tana aiki in muna nan, in mun juya baya ta daina, alhali tana kunne.

Ni kuwa abin ya shiga raina har na daina jin yunwa, wanda a gidanmu sai da aka yi taro a kai. Na kawo wa Kawu shawarwari. Na ce ko ƙwayoyin cutar Potiskum ne suka yi yawa, suna shanye hasken kafin ya kai bango. Na ce ko fitilar irin ma'aikatan nan ce da sai oga na nan suke aiki. Na ce ko aljanun ɗakin ne ke shanya a gabanta. Ya ce in na ƙara magana zai manna mini kati a baki ya ga ko zai sauya.

Haƙurin Hajiya ya ƙare. Ta ce, "Modu, ban ce ka cuce ni ba, amma ni abin da na gani nake faɗa. Ranar Laraba in kasuwa ta tashi, ku zo da tsaninku ku kwance kayanku." Kawu ya juya muka fito. Da muka koma shago na ga ya ɗauko fartanya daga bayan ƙofa yana duba ƙotarta.

Ana gobe Laraba da safe, Innarmu ta ƙwala mini kira. Yayata Zara ta tafi awo wurin Hajiya ta manta fulas ɗin kununta, in bi ta da shi. Na tafi da jallabiyar barcina da silifas, ba tsani, ba jakar aiki, ba ƙarar babur ɗin Kawu. Na yi sallama a ƙofa na gyara tsayuwa zan dakata. Wata mai jego ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaro ne, shigo." Yaro! Ni da gemuna ya riga ya fito, gashi biyu da rabi. Na haɗiye wannan cin mutuncin na shiga, na miƙa wa Yaya Zara fulas. Sannan, da yake mai wannan sana'a ko masallaci ya shiga sai ya kalli silin, na ɗaga kai.

Fitilunmu suna sanye da hula.

Kowacce an ɗinka mata hular leda mai kauri, garai-garai kamar ruwa, da roba a baki ta kama fuskar tsam. In ba ka san fitilar ba, ba za ka ce akwai wani abu a kanta ba. Ga ɗan hasken shunayyar nan yana leƙowa ta ciki abinsa. Kofin gilashin nan ya faɗo mini a rai.

"Iya! Iya Kaltume! Wa ya sa wa fitila hula?"

Ta fito da tsintsiya tana murmushi, irin na wadda aka kama tana aikin lada. "Ka gani ko? Ni na ɗinka. Ledar sababbin kujerun Hajiya ce, na ninka biyu don ta yi ƙarko."

"Iya, don me?"

"Ji yaron nan. Kullum da safe ina turara ɗakin nan, ka san ɗakin masu jego ba ya zama ba turaren wuta. Dubi silin yadda hayaƙi ya mayar da shi. Ga ƙuda. Abu mai daraja irin wannan, daga Kano, ku rataye shi tsirara ku tafi? Ku maza ba ku san adana kaya ba."

"To ya ba mu taɓa gani ba?"

"Da kun yi sallama nake sa sandar share yanar gizo in zare. In bar ubangidanka ya ce tsohuwa ta taɓa masa kaya? Kuna fita in hau benci in mayar." Ta nuna sama da tsintsiya. "Kuma ai ga haskenta nan yana fita, me na tare?"

Ban tsaya amsa ba. Na ce mata don girman Allah kar ta cire, na zura da gudu. Silifas ɗina ɗaya har yau yana wani wuri tsakanin gidan Hajiya da Dogo Nini, in kun gan shi ku gaishe shi.

Kawu ya zo, ya yi sallama, ya dakata kamar kullum. Da ya shiga ya ga hulunan, ya daɗe yana kallo, baki buɗe. Sannan ya kira Hajiya. Ya ɗaure kati a kan sanda ya miƙa gaban fitila mai hula, muka jira, ba abin da ya faru. Ya sa aka zare hular ya sake miƙawa. Matan da ke benci suka ga katin yana rinewa a gabansu, ɗakin ya ɗauki salati.

Iya Kaltume ta ajiye tsintsiya. Murmushin ya tafi. "Wato duk kwanakin nan yaran mutane suna tari a ɗakin nan, ni na tare maganin?"

 Kawu ya kashe fitilar, ya hau benci ya shafa tagarta da yatsa, ya duba yatsan. Fes. Ya ce, "Iya, ta kemis da na kwance kwanan baya, sai da na goge tagarta da ƙyalle uku, kuma can ba a ko turare. Da ba ki rufe wannan ba, da hayaƙi ya yi mata tasa hular, wadda ba a zarewa da sanda. Ni ne ban tambayi yadda ake zaman ɗakin ba. Hularki tana da aiki, lokacinta ne ba daidai ba."

A nan suka shirya. Da safe a kashe fitila, a sa hula, a yi turare. In hayaƙi ya fita a zare hula a kunna, kafin mata su zo. Ni kuma na kawo shawarar da ita kaɗai Kawu ya taɓa karɓa daga bakina: a daina ɗinka hular da leda, a ɗinka da jan atamfa, yadda ko daga bakin ƙofa za a hango an manta ba a cire ba. Hajiya ta ce a bar zancen Laraba, a manna sabon kati.

Kafin mako ya zagayo katin bango ya yi ja. Hajiya ba ta cire shi ba, ta bar shi a wurin, duk wadda ta zauna sai an ba ta labari. Matan nan suka ɗauki zancen suka shiga da shi gidajen suna da gidajen biki. Mai kemis ya aiko a zo a mayar masa da tasa. Dillalin shanun nan ya dawo yana cewa shi dama tun farko ya san abin na da kyau. Yara suka daina waƙar, fartanya ta koma bayan ƙofa. Jajayen hulunan da kuke gani a cikin kwali, waɗanda Sani ya sa ɗaya a kai jiya yana rawa, Iya Kaltume ke ɗinka mana su, kuma ba ma kafa fitila ba tare da ɗaya ba. Shi ya sa in mun je aiki, kafin in tambayi mai gida ina batir yake, nake tambaya wa ke share ɗakin, in je in gaishe ta.

Ledar da ta rage kuwa, Iya ta ce ba za ta zubar ba, dole ta adana wani abu da ita. Ta karɓi tastata ta naɗe hannun, ta ɗaure da zare. Ranar da na koma karɓa, ni kaɗai, da silifas wari da wari, na yi sallama na sa ƙafa zan shige. Sai ga Iya ta tare ƙofa da sandar nan tata.

"Ina za ka? Dakata, mata su kimtsa."

Na koma gindin dogon-yaro na tsaya, ina shafa gemuna.